MADANNI DA SHARAƊI: YADDA MAƁALLAI SUKE AIKI A WASANNIN WASA ƘWAƘWALWA NA NA'URA



Gabatarwa

Batun da zan yi magana a kansa yau ƙaramin abu ne a ido, har wani yana iya cewa bai kai a tara manyan mutane dominsa ba. Batun kuwa shi ne ɗan maɓallin nan da ake dannawa a cikin wasannin na'ura, watau wasannin da yaranmu suke yi a wayar hannu ko a kwamfuta, musamman waɗanda aka gina su a kan wasa ƙwaƙwalwa. Tun daga shekarar 2001, lokacin da wayar salula ta bazu a Nijeriya, waɗannan wasanni suka shigo gidajenmu ba tare da sallama ba. Waɗanda suka riƙe wayar Nokia 3310 za su tuna da wasan maciji, da kuma wani mai suna Bantumi wanda ya yi kama da darar nan ta gurabe da 'ya'ya. Yau kuwa da wuya a shiga unguwa ba a tarar da yaro ya duƙufa a kan allon waya ba, uba yana faɗa, uwa tana ƙorafin an bar aike.

Wani zai tambaya, me ya haɗa malamin Hausa da wannan sha'ani? Amsar ita ce, kowane maɓalli da ke cikin irin wannan wasa jimla ce ta sharaɗi wadda aka yi wa siffa, aka ajiye ta a gaban mai wasa. Wanda duk ya iya rarrabe tsakanin "muddin" da "da zarar", ya kuma san bambancin "in an yi" da "sai an yi", to, ya riga ya riƙe ƙa'idar da waɗannan maɓallai suke tafiya a kanta, ko da bai taɓa riƙa waya ba. Abin da nake so in nuna ke nan, domin mu san abin da yaranmu suke yi, mu kuma san abin da harshenmu yake iya ɗauka.

Sunan Abin

Hausa tana da sananniyar hanya ta ƙirar sunan kayan aiki, watau a ɗauki aikatau, a liƙa masa ma- a goshi, a ƙare shi da wasalin -i. Daga buɗe aka sami mabuɗi, daga kulle aka sami makulli, daga ɓalla aka sami maɓalli, wanda asalinsa na riga ne. Da wutar lantarki ta zo sai aka ƙera makunni daga kunna. Da keken rubutu da kwamfuta suka zo sai aka sami madanni daga danna, jam'insa madannai. A cikin wannan lacca zan riƙi madanni a matsayin suna na gaba ɗaya. Akwai kuma wani iri wanda yake shimfiɗe a ƙasa, takawa ake yi. Da sai mu ce da shi mataki, amma kalmar ta riga ta sami aiki a wajen tsani, saboda haka zan kira shi faifan takawa.

Ya kamata kuma mu lura cewa madannai iri biyu ne a hannun mai wasa. Akwai na zahiri, wanda yake jikin waya ko kwamfuta, wanda yatsa yake taɓawa. Akwai kuma wanda aka zana a cikin wasan kansa, a jikin bango ko a daɓen ɗaki, wanda ɗan mutum-mutumin da ake sarrafawa yake zuwa ya danna domin ƙofa ta buɗe, ko gada ta sauko, ko fitila ta kama. A kan wannan na biyu maganarmu take.

Ire-iren Madanni

Tambaya guda ɗaya ce take rarrabe madannai, ita ce: bayan an ɗauke hannu, me madannin yake tunawa? Bisa amsar wannan tambaya ana samun iri huɗu.

Na farko shi ne mai mantuwa. Yana aiki ne a lokacin da nauyi yake kansa, ana ɗauke nauyin ya koma yadda yake, kamar ba a taɓa shi ba. Mutanen wannan yanki, inda tun zamanin kamfanin B.C.G.A. ake kai auduga kasuwa ana gurzarta a Funtuwa da Malumfashi, ba sa bukatar dogon bayani a nan, gama sun san sikeli. Buhu yana kai, allura tana nuna nauyi, an sauke buhu, allura ta koma sifiri. Haka ma ƙahon mota, yana kuka ne gwargwadon daɗewar hannun direba a kansa. Jimlar wannan madanni ita ce: muddin akwai nauyi a kan faifai, ƙofa a buɗe take. A cikin wasan Portal, wanda kamfanin Valve na Amurka ya fitar a 2007, akwai wani babban jan faifai a ƙasa mai aiki da wannan ƙa'ida. Mai wasa yana iya hawa kansa ƙofa ta buɗe, amma yana sauka domin ya fita sai ta rufe. Ashe ke nan ba shi da mafita sai ya nemo akwati ya aza a kai ya tsaya a madadinsa.

Na biyu shi ne mai riƙo. Sau ɗaya ake danna shi, ya yi aikinsa, ba ya kuma komawa. Misalinsa shi ne kwaɗon ƙofa, wanda dannawa take kulle shi, amma ko sau ɗari aka sake dannawa ba zai buɗe ba. Haka kuma tarkon da manomi yake ɗana wa gafiya a bakin rumbu, in ya tashi ya tashi ke nan. Jimlarsa ita ce: da zarar an danna, ƙofa ta buɗe ke nan. Wannan iri yana da haɗari a wasa, domin in abin da ya yi rufewa ne, mai wasa yana iya toshe wa kansa hanya, sai dai ya sake farawa. Saboda haka mai hankali yakan dubi abin da zai biyo baya kafin ya kai hannu.

Na uku shi ne mai juyawa, watau irin makunnin tocilan. In a kashe take, dannawa ta kunna ta, in kuwa a kunne take, dannawar nan dai ita za ta kashe ta. Aikin hannu ɗaya ne, sakamako biyu, kuma halin da aka tarar shi yake yanke hukunci. Jimlarsa ita ce: duk lokacin da aka danna, buɗaɗɗe ya rufe, rufaffe ya buɗe. A wasan Chip's Challenge na 1989 akwai koren madanni da yake yin haka ga wasu bangaye. A ɗaya daga cikin wasannin Zelda na kamfanin Nintendo na Japan, wanda ya fito a 1991, akwai wani dunƙulen lu'ulu'u da in an buge shi sai turakun wani launi su nutse, na wani launin su taso. Mai wasa ba zai taɓa samun hanyoyin biyu a buɗe a lokaci ɗaya ba, dole ya zaɓi wadda zai fara bi.

Na huɗu shi ne mai wa'adi. Yana tunawa, amma na ɗan lokaci. Allon wayar hannu misali ne, an taɓa shi ya haskaka, an ƙyale shi daƙiƙu kaɗan ya dushe. Jimlarsa ita ce: ka wuce kafin ƙofa ta rufe. A wasan Minecraft, wanda wani mutumin Suwidin mai suna Markus Persson ya fara fitarwa a 2009, madannin dutse yana riƙe aikinsa daƙiƙa ɗaya, na katako kuwa daƙiƙa ɗaya da rabi. A wasan Portal kuma akwai madanni a kan ɗan ginshiƙi, wanda wani lokaci in an danna shi sai a ji ƙarar agogo tana ƙirga wa'adi. Darasin wannan iri shi ne abin da magabata suka faɗa, ba a fafe gora ranar tafiya. Sai an share hanya, an ajiye kowane abu a wurinsa, sa'an nan a danna.

Abin da ke Faruwa a Cikin Na'ura

To, jama'a, ta yaya na'ura take sanin an taka faifai, alhali kuwa babu faifai, babu ƙafa, zane ne kawai a kan gilashi? Bayanin yana da sauƙi. Motsin da muke gani a allo hotuna ne tsayayyu da ake jerowa da sauri, galibi 30 ko 60 a cikin daƙiƙa ɗaya. Kafin na'ura ta zana kowane hoto, sai ta bi duk abubuwan da ke cikin wasan ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda malami yake kiran suna a aji. Kowane abu yana da lambobi masu nuna inda yake. Faifan takawa kuma an kewaye shi da wata iyaka da ido ba ya gani. Na'ura sai ta gwada lambobin, ta ga ko mai wasa ko akwati ya shiga cikin iyakar nan. In ya shiga ta rubuta 1, in bai shiga ba ta rubuta 0. Ita ƙofa ba ta san kome ba game da mai wasa, lambar nan kawai take dubawa.

Akwai wata dabara a nan da ta cancanci a ambata. A ce mai wasa da akwati duka suna kan faifai ɗaya, sai mai wasa ya sauka. In an tsara na'ura ta ce "wani ya sauka, a rufe ƙofa", to, an yi kuskure, tun da akwati yana nan. Saboda haka masu tsara wasa sukan sa ta ƙirga: wani ya hau, a ƙara ɗaya, wani ya sauka, a rage ɗaya, ba kuwa za a rufe ƙofa ba sai lissafi ya koma sifiri. Wannan shi ne aikin malamin da yake tsaye a ƙofar sito da littafi, yana rubuta buhun da ya shiga da wanda ya fita.

Madanni mai juyawa yana da tasa matsalar. A ɗauka dannawa ɗaya ta ɗauki kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. A wasan da yake zana hotuna 60 a daƙiƙa, na'ura za ta tarar da madannin a danne har sau shida. In ta juya fitila a kowane karo, sai ta kunna ta kashe sau shida, a ƙarshe fitila ta koma yadda take, mai wasa ya ce madanni ya lalace. Maganin wannan shi ne na'ura ta riƙa tuna yadda ta tarar da madannin a hoton da ya wuce. Ba za ta juya fitila ba sai a hoton da ta ga ɗazu a sake yake, yanzu kuwa a danne. Nahawun Hausa ya daɗe da yin wannan rarrabewa. "Ya zauna" aukuwa ce ta lokaci ɗaya, "yana zaune" kuwa hali ne mai ɗorewa. Faifan takawa yana sauraron "yana danne", makunni mai juyawa yana sauraron "an danna".

Shi kuwa mai wa'adi, ƙirga ce kawai ta komawa baya. In ana so ƙofa ta yi daƙiƙa biyar a buɗe, sai a rubuta 300 a lokacin dannawa, a riƙa rage ɗaya a kowane hoto, in an kai sifiri ƙofa ta rufe.

Haɗa Madanni da Madanni

Madanni ɗaya da ƙofa ɗaya ba su cika zama wasa ƙwaƙwalwa ba, sai an haɗa biyu ko fiye. Hanyoyin haɗawar kuwa kalmomi ne da muke furtawa kullum. Akwai haɗin "da", inda ƙofa ba ta buɗewa sai an danna wannan da wancan, kamar siton haɗin gwiwa mai kwaɗo biyu, kowane mabuɗi yana hannun mutum dabam. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akwai haɗin "ko", inda kowane ɗaya ya wadatar, kamar gida mai ƙofar gaba da ta baya. Akwai korewa, inda dannawa take rufe abin da yake a buɗe. Akwai kuma wani "ko" mai tsanani, watau wannan ko wancan amma ban da duka biyun, irin wanda ake nufi in an ce wa yaro ya zaɓi riga ko takalmi.

Wani masanin lissafi ɗan Ingila, George Boole, ya nuna a littafinsa na 1854 cewa ana iya mai da waɗannan kalmomi lissafi da 1 da 0. Daga baya, a 1937, wani ɗalibi a Amurka mai suna Claude Shannon ya nuna cewa makunnan lantarki suna iya yin wannan lissafi. In an jera makunni biyu a kan waya ɗaya, wuta ba ta wucewa sai an kunna duka, an sami "da" ke nan. In kuwa an ba kowane makunni tasa hanya, ɗaya ya isa, an sami "ko". A kan wannan harsashi aka gina kwamfuta, har da wayar da take aljihun kowannenmu.

A nan ne nake so ɗaliban nahawu su saurara da kyau. "In an danna, ƙofa za ta buɗe" dabam take da "ƙofa ba ta buɗewa sai an danna". Jimla ta farko ta ce dannawa ta isa, amma ba ta hana a sami wata hanya ba. Ta biyu ta ce dannawa tilas ce, amma ba ta yi alkawarin ta isa ba. Manomi ya san masara ba ta yi sai da taki, ya kuma san taki kaɗai ba ya cika rumbu in ruwa ya ɗauke. Yawancin wuraren da mai wasa yake maƙalewa, wannan rikici ne: ya cika sharaɗin "sai", yana jiran sakamakon "in".

Misali Daga Sito

A 1982 wani mutumin Japan, Hiroyuki Imabayashi, ya fitar da wasa mai suna Sokoban, ma'anar sunan kuwa ita ce mai kula da sito. Aikin mai wasa shi ne ya kai kowane akwati wurin da aka yi masa alama. Turawa kawai yake iya yi, ba ya ja, kuma akwati ɗaya yake turawa a lokaci guda. In ya tura akwati cikin kusurwa, ya maƙale ke nan. Wuraren nan masu alama tamkar faifan takawa suke, ba a gama mataki sai duka suna danne a lokaci ɗaya. 'Yan dakon kasuwar Ɗandume, waɗanda suke jera buhunan masara a lokacin kaka, sun san cewa wanda ya fara da cika bakin ƙofa ya hana kansa isa ƙurya.

Bari mu gina namu misali. A ce ga sito, ƙofarsa ta fita ba ta buɗewa sai faifai na ɗaya da na biyu suna danne. A gefe akwai ɗan ɗaki, ƙofarsa tana buɗe muddin faifai na uku yana danne. A tsakar sito akwai buhu ɗaya, a cikin ɗan ɗakin akwai wani. Mai gaggawa zai aza buhu a faifai na ɗaya, ya hau na biyu, ya ga ƙofa ta buɗe, ya sheƙa, ta rufe a gabansa. Mai natsuwa kuwa zai aza buhun a faifai na uku, ya shiga ɗaki ya fito da buhu na biyu, ya aza shi a faifai na ɗaya. Sa'an nan sai ya koma ya ɗauke buhun farko daga faifai na uku, ƙofar da ya sha wahalar buɗewa ta rufe yana kallo, ya kai buhun kan faifai na biyu, ya fita abinsa.

Wannan mataki na warware abin da aka ƙulla shi ne zuciyar al'amarin, kuma ba baƙo ba ne a wurinmu. Ku tuna da wasa ƙwaƙwalwar nan ta mutumin da zai haye kogi da kura da akuya da damin harawa, jirginsa kuwa abu ɗaya yake ɗauka. Ƙetarawa bakwai ake yi, kuma ba a cin nasara sai an yarda a komo da akuyar da aka riga aka haye da ita. Kura da akuya sharaɗi ne, akuya da harawa sharaɗi ne, mutumin kuwa shi ne nauyin da yake danne faifai: muddin yana wurin, babu mai cin wani.

Allon Fitilu

Akwai wasan da babu kome a cikinsa sai madannai masu juyawa. Sunansa Lights Out, kamfanin Tiger Electronics ya fitar da shi a 1995. Allo ne mai gidaje 25, biyar a tsaye biyar a kwance, kowane gida madanni ne mai fitila. In an danna gida, sai shi da maƙwabtansa na sama da ƙasa da dama da hagu su juya. Abin da ake nema shi ne a kashe fitilun duka. Tun da kowace fitila hali biyu gare ta, fitila uku suna ba da yanayi 8, goma suna ba da 1,024, fitila 25 kuwa suna ba da 33,554,432. Wanda ya ce zai yi ta dannawa da ka har ya dace, ya ɗauko aikin da ba ya ƙarewa.

Amma tunani kaɗan yana rage wannan dawa. Danna gida sau biyu daidai yake da rashin danna shi, saboda haka babu gidan da yake bukatar fiye da dannawa ɗaya. Kuma wanda aka fara dannawa da wanda aka ƙare da shi duk ɗaya ne, sakamako ba ya sakewa. Ashe tambayar ita ce waɗanne gidaje za a danna, ba wanne za a fara ba. Masana lissafi sun tabbatar cewa kashi ɗaya cikin huɗu na yanayin nan ne kaɗai ake iya kashewa, watau 8,388,608, kuma kowanne daga cikinsu ba ya bukatar fiye da dannawa 15. A lura da bambancinsa da misalin sito, inda jerantawa ita ce kome. Aikin farko na mai wasa shi ne ya gane wane iri ne yake gabansa.

Irin wannan nazari na allo mai gidaje, inda abin da aka sa a gida ɗaya yake shafar layinsa duka, yana da tarihi a ƙasar Katsina. Malam Muhammadu ibn Muhammad al-Fulani al-Katsinawi ya rubuta littafi da Larabci a wajajen 1732 a kan hanyoyin tsara hatimin lambobi, irin wanda in an jera 1 zuwa 9 a gidaje tara kowane layi yake ba da 15. Ya rasu a Alƙahira a 1741. Yaron Malumfashi da yake fama da allon fitilu yana da kaka a wannan fage.

Adalcin Mai Tsara Wasa

Adabinmu na baka ya bambanta kacici-kacici da wasa ƙwaƙwalwa. A kacici-kacici, in ba ka san amsa ba sai ka ba da gari. A wasa ƙwaƙwalwa kuwa an shimfiɗa maka sharuɗɗa duka, abin da ya rage naka ne. Wasan na'ura mai kyau yana bin wannan ladabi. Yana nuna wa mai wasa wane madanni ne yake riƙe da wace ƙofa. A Portal an ja layin ɗigo-ɗigo daga faifai zuwa ƙofa, launinsa shuɗi ne, in an danna ya koma ruwan lemo. Yana kuma koyar da ƙa'ida ɗaya kafin ya kawo ta biyu, ba ya sauya ta a ɓoye. Da wannan ma'auni uba zai iya gane abin da ɗansa yake yi. Ya tambaye shi: me ya sa ƙofar nan ta buɗe? In yaro ya iya ba da dalili da jimla cikakkiya, wasan yana koya masa wani abu. In kuwa amsar ita ce sa'a, ko sai an biya kuɗi, to, wannan ya kama hanyar caca, bai kuwa shiga cikin abin da nake karewa ba.

Kammalawa

Jama'a, ban zo in ce a sakar wa yara waya dare da rana ba. Karatu yana da lokacinsa, gona da aiken gida suna da nasu, kuma iyaye ne suke da ikon yanka wa'adi. Abin da na nuna shi ne madannai huɗu suna tafiya a kan "muddin" da "da zarar" da "duk lokacin da" da "kafin", haɗa su kuwa yana tafiya a kan "da" da "ko" da "in" da "sai". Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta yi tanadin a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na muhallinsa, masu suka kuwa sun sha cewa harsunanmu ba za su ɗauki kimiyya ba. Ga shi dai mun bi ƙa'idar da kwamfuta take tsaye a kanta tun daga farko har ƙarshe da Hausa, ba mu rasa kalma ba.

Saboda haka ina kira ga malaman firamare da na sakandare na wannan yanki da su gwada abin a aji, ba sai da na'ura ba. A zana sito a ƙasa da tsinke, a sa faya-fayi uku, a kawo duwatsu biyu a matsayin buhuna, a sa yaro ɗaya ya zama ƙofa, ba zai matsa ba sai sharaɗi ya cika. A bar 'yan aji su yi gardama, a kuma tilasta wa kowa ya faɗi dalilinsa da Hausa miƙaƙƙiya. Ga ɗalibanmu na jami'a kuwa, aiki yana jiranku ta fuska biyu: ku tattara wasa ƙwaƙwalwar da take bakin tsofaffi kafin su tafi da ita, ku kuma daidaita kalmomin wannan fanni domin masu tsara wasa na gobe su sami abin da za su yi aiki da shi.